Kumfa Mai Ɗura Gas

Wata biyar da rasuwar mijinta, gas ya ƙare wa Inna tana tsaka da girki. Shekara ashirin da shida suka yi da marigayin, ba ta taɓa sanin yadda ake cire kan tukunyar gas ba. Shi ke cirewa, shi ke kaiwa a ɗura, shi ke dawowa ya ɗaura, ita dai nata ta murɗa ta ƙyasta. Ta tsuguna gaban tukunyar, ta murɗa nan, ta ja can, abu ya ce bai san zance ba. Da ta gaji sai ta zare tiyon daga jikin murhu, ta kinkimi tukunyar haka nan, tiyo yana jan ƙasa a bayanta, tana tafiya tana ajiyewa, har gidan gas da ke bakin titi.

Mutanen da ke layi suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Mai ɗurawar bai yi ba. Ya dubi tiyon, ya dubi fuskarta.

"Inna, mai gidan ya yi tafiya ne?"

"Ya yi," in ji ta. "Irin wadda ba a dawowa."

Ya sunkuyar da kai ya yi wa mamacin addu'a. Ya ɗura mata, ya ce da abokin aikinsa ya riƙe masa layi, ya saɓa tukunyar a kafaɗa ya bi ta har cikin kicin. Ya nuna mata yadda ake danna kan har ya ce ƙas, ya sa ta yi da hannunta sau uku. Ya zare tsohuwar robar wuyan tukunyar, ya sa sabuwa daga aljihunsa. Sannan ya nemi sabulu, ya kaɗa a kofi, ya shafa kumfar a mahaɗa.

"Ki zuba ido, Inna. In kumfa ta kwanta shiru, lafiya lau. In ta fara kumbura tana haihuwar 'ya'ya, ki rufe, ki buɗe taga, ki aiko mini. Kada ki ƙyasta komai, ko makunnin fitila kada ki taɓa."

Ta kawo masa ruwa, ya sha a tsaye, ya koma bakin aikinsa. Wannan sabulun shi ya jawo masa sunan da duk unguwa ta san shi da shi, Kumfa.

Shekara na zagayowa, Inna ta kafa tebur a tsallaken titi, daidai ƙofar gidan gas. Tana sayar da sabulu, da soso, da zare, da allura, da makamantansu. Ashana ce kawai ba ta taɓa ɗorawa a teburin ba, don Kumfa ya ce in ya ga ko kara ɗaya zai kira mata 'yan kwana-kwana. Shekara goma sha huɗu tana zaune a wurin. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma Allah ya ba ta ido, kuma mai zaman tebur ba shi da wani aikin da ya wuce kallo.

Shingen gidan gas na waya ne, ana hango komai. Ga babban farin tanki kwance a tsakar fili kamar saniyar da ta ƙoshi. A gindinsa akwai wani jan ƙarfe mai zagaye, kamar ƙaramin sitiyari, shi suke kira bawul, shi ne ke buɗe tankin, shi ke rufe shi. Da safe Kumfa ya buɗe, da yamma ya rufe, ya zura sarƙa a ciki ya danna kwaɗo. Sau biyu a wata babbar tanka take zuwa ta juye gas a tankin. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, kuma Kumfa ya fi kowa faɗinta: in an haɗa tiyon mota da bututun tanki, sai a ɗan sakar masa iska, a shafa kumfa a mahaɗar, a tsaya a gani, sannan a buɗe gaba ɗaya.

Tun yana matashi ya shigo gidan a mai ɗaukar tukwane, har ya kai ga an danƙa masa makullin tanki. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji, dariyarsa har tsallaken titi ake jin ta. Matarsa ana ce mata Maman Biyu, saboda tagwayen 'yan mata da Allah ya ba su, su ke nan kuma. Tana kawo masa abincin rana a kwano mai hawa uku, ya share shi tas, ya leƙa ƙasan kwanon ya ce ko an manta wani hawan a gida. Abokin tsokanarsa shi ne Mai Faci, wanda rumfarsa ke gefen teburin Inna.

"Kumfa!" Mai Faci zai ƙwala daga tsallake. "Kai da za a ba ka kyautar mota, sai ka shafa mata sabulu ka ga ko tana yoyo!"

"Kai kuwa da za a ba ka, kafin a kunna ta ka manna mata faci huɗu!"

Haka Inna ta san shi shekara shida, mutum mai ci, mai dariya, mai barcin rana a kan benci bakinsa a buɗe.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, da hantsi. Tanka ta zo, Kumfa ya haɗa tiyo, ya kaɗa sabulu a kofi, ya ajiye a gindin tanki. Daidai nan sai ga yayan Maman Biyu, wanda ya shekara uku ba ya gari, ya tsaya bakin ƙofa yana kiran "Suruki! Suruki!" Kumfa ya taka ya je suka gaisa, taku goma ne bai fi ba. Yaya hanya, yaya iyali, sai na shigo gida. Ya juyo ya tarar direban tanka yana buga ƙafa yana duba agogo. A ransa ya riga ya shafa kumfar. Ya murɗe bawul gaba ɗaya.

Inna tana ƙulla zare ta ji wata ƙara, tsiiii, mai shiga har cikin haƙori. Ta ɗaga kai ta ga wani farin abu yana fita daga mahaɗar, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, rarrafe yake yi a ƙasa, yana malalowa wajen ƙofa. A bakin ƙofar kuwa, ta gefen hagu, ga mai shayi da murhunsa yana ci bal-bal.

"A kashe wuta! A kashe wuta!"

Muryar Kumfa ce, amma Inna ba ta taɓa jin ta haka ba. Direba ya ranta a na kare. Masu layi suka watse, kowa ya bar tukunyarsa. Mai shayi ya kifa bokitin ruwa a murhu. Shi kuwa Kumfa cikin farin abin ya kutsa, ya ɓace a ciki, sai ƙarar ta fara raguwa, ta ragu, ta ɗauke. Ya fito yana layi, gira da gashin baki sun yi fari da ƙanƙara. Gas ɗin nan in ya fito da ruwansa, sanyinsa ƙuna yake yi. Fatar tafin hannunsa na dama a jikin ƙarfen ya baro ta.

Ba wanda ya mutu, ko kaza ba ta ƙone ba. Unguwa ta yi ta sa masa albarka, mai gidan gas ya rungume shi a gaban jama'a, aka ce zaren ƙarfen da ake murɗawa a mahaɗar ne ya cinye. Amma da aka bari mutane suka matso, Inna ta ga kofin sabulu a gindin tanki, cike fal, burushin a tsaye a ciki, ko ɗigo bai zuba ba. Ta gani, ta kama bakinta. Ya ɗago ido ya ga ta gani.

Hannu ya warke cikin wata biyu. Sauran jikin ne bai warke ba.

Abin bai zo lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa shigowa. Da farko gaisuwa ya daina amsawa in yana bakin tanki, ko wane ne kuwa, har aka fara cewa yabo ya fasa masa kai. Sai Inna ta lura kafaɗunsa sun hau sama sun maƙale, kamar mai jiran a kai masa duka ta baya. In ya tsallako sayen sabulu, ta miƙa masa, yatsunsa su taɓa nata, sai ta ji su sanyi ƙalau, alhali rana tana dukan kwano, gumi kuma yana tsiyaya a goshinsa. Wata jijiya a gefen wuyansa tana harbawa, ana ganinta daga inda take zaune. Muƙamuƙinsa kullum a ɗaure, har haƙorinsa ɗaya na ciki ya tsage ba tare da ya tauna dutse ba. Gorar ruwa ba ta barin hannunsa, ya ce bakinsa ne ke bushewa kamar ya ci toka.

Ranar da tanka za ta zo kuwa, tun safe ba ya sa komai a baki. Sai zaryar banɗaki, sau huɗu, sau biyar. Ya shafa kumfa, ya tsaya, ya goge, ya sake shafawa, direba na zaginsa a ciki-ciki. In motar ta juye ta fita, sai ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya yi rabin awa bai san inda kansa yake ba. Kwanon Maman Biyu mai hawa uku ya fara komawa gida da hawa biyu ba a taɓa ba.

Duk wani abu mai huci ya zama abokin gabarsa. Butar mai shayi ta tafasa, Kumfa ya zabura. Mota ta saki iskar birki, tukunya ta suɓuce daga hannunsa. Mai Faci da farko wasa ya ɗauke shi. Sai ya faki idonsa ya danna bakin taya, tsiii, Kumfa ya yi tsalle, shi kuma ya faɗi ƙasa don dariya.

"Wallahi Inna kin ga tsallen? Da za a sa shi gasa sai ya ciyo mana kofi!"

"Ɗan nan," in ji Inna, ba ta ɗaga murya ba, "je ka kama hannunsa yanzu, ka ɗora naka a ƙirjinsa, ka dawo ka gaya mini ko abin dariya ne."

Mai Faci ya tsallaka yana murmushi. Ya dawo babu murmushin. Bai ƙara ba, kuma daga ranar in zai sace iskar taya sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kumfa, ni ne, kada ka tashi."

Maman Biyu takan zauna a bencin Inna in ta kawo abinci, ta sauke abin da ke ranta.

"Inna, mutumin nan fa ba ya barci. In ya runtsa, haƙora yake ci. Ya farka ya ce yana jin wari, ya bi ɗaki-ɗaki yana shinshina kamar mage. Ni da nake matar mai gas, da gawayi nake girki yanzu, ya fitar da tukunyarmu waje. Magana kaɗan ya hau faɗa, mutumin da tagwaye ke hawa wuyansa suna ja masa kunne. Jiya har kuka ya sa ƙaramar."

Abin da ya fi komai cin sa shi ne rufewar yamma. Zai rufe bawul, ya zura sarƙa, ya danna kwaɗo, ya ja ya ji. Ya kulle ƙofa, ya kama hanya. Kafin ya kai kwanar masallaci sai ƙafarsa ta tsaya. Ya juyo, ya buɗe ƙofa, ya je ya taɓa kwaɗon. Ya sake tafiya, ya sake dawowa. Akwai ranar da har ya cire takalmi a ƙofar ɗakinsa, ya mayar ya dawo. Tafiyar kuwa ba kusa ba, ta fi rabin awa a ƙafa.

Wata yamma, a shekara ta uku da faruwar abin, Inna tana tattara kayanta ta ga ya dawo karo na uku, yana laluben makulli. Ba ta san lokacin da magana ta fita daga bakinta ba.

"Kumfa, ka rufe. Na gani. Ka murɗa sau bakwai, ka sa sarƙa, ka danna kwaɗo, har ka ja shi da hannun hagu."

Ya tsaya cak a tsakiyar titi. Inna ta ga abin da ba ta manta ba har yau. Kafaɗun nan da suka shekara uku a sama suka sauko a hankali. Ya saki wani dogon numfashi, kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya mayar da makulli aljihu, ya tafi gida, bai waiwayo ba.

Daga ranar ya zama musu ƙa'ida. Inna ba ta naɗe tebur sai ya rufe tanki. Ya rufe, ya ɗago ya dube ta ta cikin waya, ita kuma ta ce, "Ka rufe, na gani. Je ka huta." Mai Faci ya sa mata suna Sufeto. Ba ta warkar da shi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta warkar ba. Yamma kawai ta karɓar masa, safe da rana suna nan yadda suke.

A shekara ta bakwai jiri ya fara ɗibarsa, ƙeyarsa na sara, ƙaramin ƙurji a ƙafa ya yi wata biyu bai kame ba. Ya ƙi asibiti, ya ce wa zai bar wa tanki. Maman Biyu ta zo ta durƙusa wa Inna.

"Ke kaɗai yake jin maganarki. Ki taimaka ki raka mu."

Likitar mace ce, dattijuwa, mai tabarau a kan hanci. Ta auna jininsa, ta sake aunawa a ɗaya hannun, ta duba takardar gwajin sukari, ta cire tabarau. Ta sa ya ba ta labarin aikinsa tun daga farko. Sannan ta ce:

"Baba, in kare ya biyo mutum, me yake ji?"

"Zuciya ta buga, ƙafa ta nemi hanya."

"To, wannan shiri ne da Allah ya yi wa jiki. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, ba ta fi kan babban yatsa ba. Da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai ta aika musu, su zuba wani sinadari a cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, hanyoyin jini su tsuke, jinin ya bar ciki da fata ya koma damtse da cinya, hanta ta saki sukari don a samu ƙarfi. Shi ya sa hannu ke sanyi, baki ya bushe, ciki ya rikice. Shi ya kai ka bakin tankin nan da gudun da ba ka san kana da shi ba. Ya yi maka rana, ya yi wa unguwa rana. Amma na 'yan mintoci aka yi shi. Kare ya wuce, jiki ya sauka. Kai naka karen shekara bakwai yana bin ka, kuma ba a titi yake ba, a cikin kanka yake. Jiki kuwa bai san bambancin haɗarin da ke gabansa da wanda ake tunawa ba, duk shiri ɗaya yake yi musu. Jinin da ya saba hawa ya sauka, yanzu ya hau ya zauna. Sukari ma haka. Barci ya gudu, ciwo ya ƙi warkewa, don jikin da ke gudu ba ya tsayawa gyara."

"Likita, a ba ni ƙwayar da za ta kashe karen mana."

Ta yi murmushi. "Ƙwaya zan ba ka, ta jini da ta sukari, kuma akwai wanda zan tura ka wurinsa ku riƙa zama kuna magana. Amma ka bar bakin tankin nan, ko na wata shida ne. Akwai abin da ke sa ka ji sauƙi?"

Ya nuna Inna da haɓa. "In ta ce na rufe."

Likita ta dubi Inna da kyau. "Muryar wanda aka yarda da shi tana saukar da bugun zuciya, wannan mun sani. Ki ci gaba, Inna. Amma ke kaɗai ba za ki iya ba."

Mai gidan gas mutumin kirki ne, da ya ji sai ya ce Kumfa ya koma kan sikeli, ya zauna a inuwa yana duba awo, a ba wani makullin tanki. Kumfa ya yi kwana biyu a kan sikeli, idonsa na kan bawul, duk murɗawar da sabon mutumin ya yi sai hannunsa ya motsa. Rana ta uku ya karɓe makullinsa. Wurin mai maganar ma sau ɗaya ya je.

Inna ta kira shi, ta sa ya zauna a benci.

"Ƙanina, kai ba ka ji abin da likita ta ce ba?"

"Na ji, Inna. So take hankalina ya kwanta." Ya buɗe tafin hannunsa mai tabo, yana kallo. "Ranar da hankalina yake kwance, ina dariya ina gaisawa da suruki, ranar ce na kusa tafiya da unguwar nan duka. Ke kin ga kofin. Wannan faɗuwar gaban da kuke so a raba ni da ita, ita ke gadin ku. In ta tafi, wa zai tsaya?"

"Allah ne ke tsarewa, Kumfa."

"Shi ne. Amma ranar ma Yana nan, ni ne ban shafa ba."

Ya tashi ya koma bakin tanki. Inna ta daɗe tana juya maganar a kan sallaya. Ta san ba daidai ya faɗa ba, don shekara goma sha wani abu ya yi yana aikin nan lafiya da ƙa'ida kawai, ba da tsoro ba. Amma amsar ba ta zo mata a kan benci ba, sai bayan ya tashi.

Shekara guda bayan haka, wata Asabar da la'asar, aka kawo wa Mai Faci tayar babbar mota. Yana cikin buga mata iska bakin tayar ya fice da kansa, ba wanda ya taɓa. Ƙarar ta cika titi. Ba a samu zarafin ɗaga hannu a ce ni ne ba. Inna ta ga Kumfa ya yar da tukunyar da ke hannunsa, ya ruga wurin tanki, ya kama bawul da hannu biyu. Tanki lafiyarsa lau. Ya murɗa sau ɗaya, sau biyu, sai ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe, ya sulale ƙasa, hannun hagu na riƙe da ƙarfen. Mai Faci ne ya ɗauke shi a kafaɗa, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Ba ni ba ne, wallahi ba da gangan ba ne."

Aka ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Bayan mako uku aka mayar da shi gida, aka kwantar da shi a ɗakin da ke kallon yamma. Yini yake yi shiru. Amma da rana ta sunkuya, haske ya faɗo a bango, sai hannun hagu ya tashi ya fara murɗa iska, numfashi ya riƙa fita sama-sama, jijiyar wuyan nan ta kama harbawa. Saboda haka kullum Inna sai ta jira sabon mai makulli ya rufe, ta ga sarƙa, ta ga kwaɗo, sannan ta naɗe tebur ta kama hanya da gwiwarta mai ciwo. Ta tsaya bakin gado ta ce, "An rufe, na gani. Ka huta." Hannun ya sauka.

Rana ta talatin da takwas da mayar da shi gida, tun azahar Maman Biyu ta bugo waya, ta ce jikin ya rikice, Inna ta zo. Ta rufe tebur da buhu ta tafi. Ta tarar da tagwaye sun zo daga gidajensu, an zagaye shi ana karanta masa abin da ya sawwaƙa. Aka yi la'asar, aka zauna. Haske ya faɗo a bango. Hannun ya tashi.

Duk ɗakin aka juyo ana kallon Inna.

"Ki gaya masa, Inna," in ji Maman Biyu.

"Ban gani ba."

"Inna, don girman Allah! Kalma biyu ce. Mutumin nan ba lallai ya kai ki je ki dawo ba. Wa zai kama ki da laifi?"

Inna ta dubi hannun yana murɗawa, ta dubi idonsa da ke kanta. Ta miƙe ta zura takalmi.

Ba ta san yadda ta yi tafiyar nan ba. Ba ta samu abin hawa ba sai da ta ci rabin hanya. Zuciyarta na dukan ƙirji, bakinta ya bushe, tafin hannunta ya yi sanyi, gwiwar da ta shekara goma tana damunta ko motsinta ba ta ji ba. A ranta ta ce, ashe wannan ne. Wannan da take ji na awa ɗaya, shi bawan Allah ya ɗauka shekara takwas. Ta iske sabon mai makulli yana zura sarƙa. Ta kama wayar shinge ta tsaya har ya danna kwaɗo, ta ce ya ja ta gani. Mai Faci bai tambaye ta komai ba, ya tayar da babur ɗinsa ya ce ta hau.

Ta shiga ɗakin ana kiran magariba. Hannun yana sama har yanzu, amma da ƙyar yake juyawa. Maman Biyu ta ce cikin kuka, "Na gaya masa sau goma, tagwaye sun gaya masa, ƙofa kawai yake kallo."

Inna ta durƙusa daidai kunnensa, tana haki.

"Kumfa, an rufe. Murɗa bakwai, da sarƙa, da kwaɗo, har na sa an ja. Na gani da idona. Je ka huta."

Hannun ya sauko kan zane. Kafaɗar da ta rage masa ta saki. Ya ja dogon numfashin nan da ta sani, ya lumshe ido. Maman Biyu ta ce rabon da ta ga ya yi barci irin wannan tun kafin ranar tanka. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta hutun da bai samu a nan ba.

Bayan an kwana biyu, Maman Biyu ta zo ta zauna a bencin tebur, suna kallon farin tankin ta cikin waya.

"Inna, ranar nan na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Da ya cika kina hanya fa? Me ya hana ki faɗa kawai?"

Inna ta daɗe tana gyara jerin sabulu kafin ta ba ta labarin. Washegarin ranar da ta fara ce masa ta ga ya rufe, bayan ya danna kwaɗo, ya tsallako titi, ya cire hula, ya tsuguna a gefen teburin nan, daidai inda ƙafar Maman Biyu take yanzu. Ya ce:

"Inna, alfarma ɗaya nake nema. Idona ya daina gaya mini gaskiya, naki nake aro. Duk ranar da ba ki gani ba, ki ce ba ki gani ba, zan koma in duba, ba komai. Amma don Allah, komai tausayina da kika ji, kada ki taɓa ce mini an rufe sai kin gani da idonki."